Tsanin Da Aka Sace Sau Huɗu

Ni ne na sa aka kai mai wankin hular unguwarmu bayan kanta a caji ofis, alhali bai ɗauki ko allurar kowa ba. Abin ya faru ne shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, wannan komawar da har yanzu ba su sake fitowa ba. Shi ya daɗe da rasuwa, ni ma tsufa ya cim mini. Jikokinsa da nawa suna jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba masa, shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna, tun da dai hannun nan ne ya jawo komai.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninsa daga Barno suka zo tun kafin Turawa, amma shi in ban da gaisuwa ba abin da ya iya a Barbarci. Ni kuma kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, don haka akwai wasa tsakaninmu. Ina ce masa Babarbare, yana ce mini Fulata, har yara da yawa ba su san muna da wasu sunaye ba. Rumfarsa tana bakin lungunmu, inda yake jera huluna a kan katako suna shan rana. Sana'ar wankin hula kuwa amana ce tsagwaronta. Mutum zai kawo hular da ta fi rumfar da duk abin da ke cikinta tsada, ya ajiye ya juya, ba takarda ba shaida. Ranar da aka daina yarda da mai wankin hula, ranar ya tashi daga aiki.

Sai kuma tsani. A unguwarmu tsani ɗaya ne tak, na katako, dogo, mai nauyi kamar gawa. Mahaifina ne ya sa aka yi shi, amma tun ina yaro ya tashi daga namu ya koma na kowa. Ba a aronsa, ɗauka ake yi. Wanda ya gama aiki da shi sai ya jingine shi a zaurensa, mai bukata ya bi lungu yana tambaya, "Tsani na gidan wa?" In ya same shi ya saɓa ya tafi, ko mai gidan yana nan ko ba ya nan. Gab da damina kuwa tsanin ba ya daɗewa a wuri ɗaya, don kowa yana son ya yaɓe soronsa ya gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Ni ban taɓa hawansa ba. Tsoron bisa nake yi, ko kan benci na tsaya sai in ji duniya tana juyawa. Babarbare ne yake hawa ya gyara mini indararo kowace shekara, yana yi yana tsokanata.

Da aka yi sauyin gwamnati, sai aka kawo wani sabon sufeto caji ofis ɗin da ke kula da shiyyarmu. Ya tara masu unguwanni ya ce yanzu zamani ya canza, ɗan sanda abokin kowa ne, kowace unguwa ta ba da mutum ɗaya da zai riƙa kawo rahoton duk abin da ya faru na ɓarna, duk ranar Litinin. Mai unguwarmu ya duba ya ga na yi elemantare har aji huɗu, kuma ba a raba aljihuna da biro, ko da yake ni ɗan koli ne a kasuwar Kurmi, zare da allura da madubi nake sayarwa. Ya ce ni ne sakatare. Aka ba ni usur da igiyarsa da wasu takardu masu layi-layi. Ranar ban tuɓe usur ɗin ba sai da zan yi alwala.

Litinin ta farko muka zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiyar caji ofis. Sakataren wata unguwa ya tashi ya karanta cewa an sace babur a ƙofar masallaci. Wani ya ce an yanke musu wayar lantarki. Wani ya zo da labarin tunkiya da 'ya'yanta biyu, har yana kwaikwayon kukan mai ita. Da aka zo kaina na miƙe na gyara riga na ce, "Ranka ya daɗe, mu lafiya lau."

Litinin ta biyu ma haka na ce. A ta uku sufeto ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Sakatare, unguwar da ba ta da rahoto, ko dai waliyyai ne a cikinta, ko kuwa sakatarenta barci yake yi. Kai kuma ban ga alamar walittaka a jikinka ba."

Aka bushe da dariya, har da mai kwaikwayon kuka. A nan ne kuma sufeto ya sanar cewa sakataren da ya fi kowa sa ido za a ba shi rigar ruwa irin ta 'yan sanda, baƙa, mai hula a haɗe. Ba zan ɓoye ba, tun ina yaro nake sha'awar rigar nan.

Na yi mako guda ina neman ɓarna a unguwarmu kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Ba a ɗauki ko takalmi a masallaci ba. Ranar Lahadi da yamma ina zaune a zaure, takarda fara fat a gabana, sai idona ya kai bangon da na bar tsani a jingine. Ba ya nan. Na san inda yake sarai, don da idona na ga mahaucin unguwarmu ya saɓa shi da safe, har muka gaisa. Amma na ɗauki biro na rubuta cewa an sace tsani daga zauren wani bawan Allah da rana tsaka.

Da na karanta a taro, sufeto ya gyaɗa kai ya ce, "To, ka fara farkawa." Daɗin da na ji ranar, Allah ya yafe mini, ya fi na ranar da aka yi mini haihuwar fari.

Mako na gaba tsanin ya bar gidan mahauci ya koma gidan wani malamin allo, na rubuta an sake sace wani tsanin. Daga can ya tafi gidan magini, na rubuta. Daga gidan magini ya tafi gidan liman, na rubuta. Kowane mako ina ƙara ɗan kitse: wannan sabo ne, wancan an yi masa fenti, ɗayan mai shi har ya kwanta ciwo don baƙin ciki. Da yake sufeto ya ce kada a riƙa bayyana sunan waɗanda aka yi wa sata, ba wanda ya tambaye ni ko su wane ne.

A mako na huɗu sufeto ya buga tebur ya ce shi ya gano bakin zaren. Ba wanda zai saci tsani don ya ci. Wasu gungun mahaura katanga ne suke tara kayan aiki, suna jiran ruwa ya sauka, lokacin da ƙarar ruwa za ta rufe motsinsu. Ya ce zai zo unguwarmu da kansa ya wayar wa jama'a da kai.

Ya kuwa zo, ranar Laraba bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce kowa ya kafa fasassun kwalabe a kan katangarsa. Ya ce duk mai tsani ya ɗaure shi da sarƙa ya sa kwaɗo. Ya ce duk wanda aka gani da tsani a kafaɗa, a tsare shi a tambaye shi. Sannan ya nuna ni ya ce, "Ku gode wa sakatarenku. Tsani huɗu aka sace muku cikin wata guda, ba don shi ba da ba wanda ya sani."

 Sai mai unguwa ya juyo a hankali ya dubi jama'a, ya ce, "Ashe akwai tsani har huɗu a unguwar nan, muke ta layi a kan guda ɗaya shekara da shekaru?"

Nan fa aka fara kallon-kallo. Mahauci ya ce shi dama ya daɗe yana zargin akwai masu ɓoye abu a ƙuryar ɗaki. Wani tsoho ya ce duk wanda ya ɓoye tsani alhali soron maƙwabcinsa yana yoyo, Allah ne ya kama shi, ɓarawon ma lada zai samu. Aka watse kowa yana harare da kowa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa tsaninmu na kullum ake nufi, don ga shi can a zauren liman, kowa ya gan shi. Babarbare ya matso kusa da ni ya ce, "Fulata, faɗa mini ko mutum ɗaya daga cikin marowatan nan, in daina ba shi bashin gaisuwa." Na ce sirrin aiki ne. Ya ce, "Oho, usur ya yi magana."

A nan ya kamata in tsaya. Na san haka a lokacin, ba sai yanzu ba. Amma rigar ruwa ta riga ta shiga idona.

Ranar Asabar da hantsi ina rumfata a kasuwa, sai ga mahauci a kan acaɓa, ko sauka bai yi ba ya ce, "Sakatare, taso. An kama Babarbare da tsani."

Daga baya na ji yadda aka yi. Maiɗakina ta ga hadari ya fara haɗowa kwana biyu, sai ta yi wa Babarbare magana ta kan katanga cewa indararonmu ya toshe. Shi kuma ya je zauren liman ya saɓo tsani kamar yadda ya saba. A tsakiyar lungu ya yi kiciɓis da wani kofur da aka turo sintiri, baƙo ne, bai fi mako biyu a Kano ba.

Kofur ya ce, "Malam, tsaya. Tsanin nan naka ne?"

Ya ce, "A'a."

"Mai shi ya san ka ɗauko?"

"Ai ba a tambaya."

"Ina za ka kai shi?"

"Gidan wani zan hau."

"Mai gidan yana nan?"

"Ba ya nan, yana kasuwa. Shi ya sa ma na zo yanzu. In yana nan surutu zai cika ni da shi, ya hana ni aiki."

Kofur bai ƙara tambaya ba. Ya sa shi a gaba, kuma da yake ba mai ɗaukar tsanin, Babarbare ne ya saɓa shi da kansa tun daga lungunmu har caji ofis, ta gaban rumfarsa, ta gaban masallaci, ta bakin titi, jama'a suna kallo.

Na isa na tarar da sufeto fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Tsani yana jingine a jikin darbejiya. Babarbare yana bayan kanta a zaune a ƙasa, an karɓe masa hula da takalmi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara kan mutane, ga shi nan da kai a buɗe.

Sufeto ya ce, "Sakatare, aikinka ya yi kyau. Ga shugabansu mun kama. Duba mini, wannan yana cikin huɗun da aka sace?"

Na dubi tsanin. Ga igiyar da mahaifina ya ɗaure mataki na uku da ita, ga tabon fentin da ya zuba ranar da aka shafe masallaci. Ko a duhu zan gane shi. Abin da ya kamata in ce gajere ne. Amma na hango bayan kantan nan, na ga akwai sauran wurin zaman mutum ɗaya, kuma na san wanda ya kawo rahoton ƙarya nan ne masaukinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi kama."

"Na wane mako?"

"Sai na je gida na duba takarduna."

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muni da na taɓa yi, kuma na yi munana da dama. Na juya zan fita ban yarda mun haɗa ido ba, sai na ji muryarsa daga bayan kanta, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Fulata, je ka duba. Amma don Allah ka biya ta rumfa ka kwashe mini hulunan da na shanya, hadari na tasowa. Kayan mutane ne."

Na biya ta rumfar, amma an riga ni. Mutane ne tsaye kowa yana tono tasa, wasu da ruwansu da sabulunsu, ana cusawa a aljihu. Wani attajiri da ya fi kowa kawo masa aiki ya turo direbansa ya kwashe nasa kaf a cikin buhu. Wani yana cewa shi dama hularsa ta bara da aka ce iska ta ɗauke bai yarda ba. Wani ya ce, "Ka ga mutum shiru-shiru, ashe da rana wanki, in ya tashi haura katanga." Katakan da ake ɗora huluna suka rage tsirara a rana, a jere, kamar kawunan yaran da aka yi wa aski.

Na shiga gida na zauna a kan turmi. Maiɗakina ta fito daga madafa, ta riga ta ji komai, kuma ita kaɗai ce ta taɓa ganin ina rubutun nan ina murmushi.

Ta ce, "Malam, tsanin da ka sace da biro ne aka kama bawan Allah da shi?"

Na ce, "Ke ba ki san aikin hukuma ba."

Ta ce, "Ban sani ba. Na dai san indararonka ya zo gyarawa, ni na kira shi. In ba za ka je ka faɗa ba, miƙo mini usur ɗin in yafa mayafi in je da kaina."

Na san za ta aikata. Aka kira azahar, na tafi masallaci usur yana rataye a wuyana, nauyinsa kamar na dutsen niƙa. Ana sallamewa, kafin mutane su kai ga takalmansu, na tsaya a bakin ƙofa na busa. Wannan ne karo na farko da na busa shi a bainar jama'a, kuma shi ne na ƙarshe. Liman ya zabura har carbinsa ya faɗi.

Na ce, "Jama'a, ba a saci tsani ko ɗaya ba. Guda ɗayan nan ne da kuka sani. Duk gidan da ya koma sai in rubuta an sace. Babarbare indararona ya zo gyarawa."

Mahauci ya yi ɗan lissafi da yatsu ya ce, "Wato ni ne ɓarawon farko ke nan?"

Na ce, "Kai ne."

Liman ya ce, "Ni fa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, kai ne na huɗu."

Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya ce in wuce gaba, muka ɗunguma zuwa caji ofis, rabin sahun masallaci a bayanmu. Sai da na maimaita wa sufeto bayanin sau uku. Kowane karo in na gama sai ya ce, "To na ji, amma ina sauran ukun?" Wani saje da ke rubutu a kan kanta ya kifa kai a kan littafi, kafaɗunsa suna rawa. Ashe tun kafin azahar sufeto ya aika wa na sama da shi labarin cewa ya kama shugaban mahaura katanga. Da ya gane inda aka kwana, ya miƙo hannu ya ce in ba shi usur. Ya sa aka fito da Babarbare aka mayar masa da hula da takalmi, ni kuma aka nuna mini wurin da ya tashi. Da ɗuminsa na same shi.

Da zai fita ya leƙo ta kan kanta ya ce, "Ka kwashe hulunan?"

Na ce, "Masu su sun kwashe."

 Ya gyara zaman hularsa ya fita, bai ce mini Fulata ba.

Mai unguwa ne ya yi belina gab da magariba. Tsani kuwa sufeto ya ce ba zai fita ba, don an riga an shigar da shi littafi a matsayin kayan shaida, sai an sami izini daga sama. Muna hanya ruwan farko ya sauko. Indararona da ba a gyara ba ya tara ruwa a kan soro, ya huda rufi daidai kan akwatin da nake ajiye takardun rahoto. Maiɗakina tana tara kwanoni tana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Daminar nan duka a caji ofis tsanin ya yi ta. In mutum ya bi lungu yana tambaya, "Tsani na gidan wa?" sai a ce masa, "Yana hannun hukuma." Ya je ya roƙi saje, a ba shi, ya dawo da shi kafin yamma. Ba gidan da bai yi yoyo ba, kuma duk wanda ɗigo ya faɗo wa a ka ya san sunan da zai ambata.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce rumfar Babarbare. Labarin an kama shi ya kai har gindin Dala kafin la'asar, amma labarin an sake shi bai wuce lungu uku ba. Mako biyu katakansa suna tsirara. Na rufe rumfata na bi masu kawo masa aiki gida-gida, shago-shago, daga Kabara har Ƙofar Nassarawa, ina tsayawa a gaban kowa ina cewa ni ne maƙaryacin. Wasu su yi dariya su miƙo hula, wasu su ce in sake ba su labarin daga farko don abokansu su ji, in sake. Na roƙi maƙwabtana na kasuwa su riƙa ba ni nasu ina kai masa, na kuwa yi ta wannan dakon har ƙarfina ya ƙare. Yawanci sun dawo. Attajirin nan bai dawo ba. Sau uku ina zuwa ƙofarsa, a na ukun ya aiko a ce mini shi dai an taɓa ganin mutumin a bayan kanta, magana ta ƙare. Babarbare bai sake samun mai kawo aiki kamarsa ba har ya bar duniya, kuma bai taɓa yi mini gorin haka ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Sai da kaka ta yi aka sako tsanin. Na saɓo shi da kaina na kawo ƙofar rumfarsa, na durƙusa na ce ya yafe mini. Yana goge wata hula da buroshi, bai ɗago ba.

Ya ce, "Na yafe tun ranar. Amma indararonka, daga yau kai za ka riƙa hawa. Ni riƙo ne nawa."

Na ce, "Babarbare, ka san larurata."

Ya ce, "Na sani, Fulata. Shi ya sa."

Da damina ta zagayo na hau. Idona a rufe na kai sama, na gyara abin da zan gyara a rarrafe, sannan saukowa ta gagara. Na kwanta rub da ciki a bakin soro ina salati, mata suna leƙe ta kan katanga, mahauci ya ɗauko benci ya zauna. Babarbare yana ƙasa ya dafe tsanin da hannu biyu, yana cewa, "Busa usur mana, Sakatare, a kawo maka ɗauki." Na fi awa guda a can. Bai saki tsanin ba ko sau ɗaya, ko da aka zo karɓar hula sai ya ce a jira, yana riƙe da wani kayan amanar.

Haka muka yi ta yi duk shekara har ya kwanta ciwon ajali. Yanzu an yi wa gidan rufin kwano, ba indararon da za a gyara. Tsanin ya tsufa, mataki biyu sun karye, ba mai tambayar gidan da yake. Yana zaurena a jingine. Rigar ruwa kuwa, na ji an ce mai kwaikwayon kukan nan aka ba.